Ranar da Iya Ta Kayar da Bidiyo

A unguwar Lamisula ta Maiduguri muka tashi, gidanmu katanga ɗaya da na Malam Bitrus, wani akawu mutumin Biu. Kakata Iya Habi, wadda Baba ya ɗauko daga Kano, ita ke tara yaran layinmu bayan isha'i a bakin murhu, tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya.

Sai Malam Bitrus ya sayo bidiyo, da wani fim na yaƙin sararin sama. Wayyo! Jirage kamar faranti suna aman wuta kore da ja, ga ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai jan ido. Turancin ba ma ji, amma ina ruwanmu? Muka watse wa Iya gaba ɗaya. Tabarmarta ta zama wajen kwanan kyanwa, har na ji tana ce wa Baba bayan Sallah ya mayar da ita Kano, tunda ba ta da sauran amfani a nan. Abin ya soke ni, amma gobe ma na tafi kallo.

Rannan ana tsakiyar yaƙi aka ɗauke wuta. Muka dawo murhu muna ƙunƙuni, har da Ishaku ɗan Malam Bitrus.

"Angona," in ji Iya, don haka take tsokanata, "ba ni labarin abin da ya raba ni da kai."

Na miƙe ina fuuu, ina ƙaaa, ina watsa hannu.

"Na ji ƙara. Shi mai tuƙa jirgin, wa ya bari a gida?"

Na sosa ƙeya.

"Ƙaton ƙarfen fa, me aka yi masa yake fushi?"

Muka kalli juna. Fim ɗin da muka kusa haddacewa, wallahi ba wanda ya sani.

"Kayya, an cuce ku. Ku matso, ga ta nan tafe, ku tare ta."

Ta ce wata safiya masunta suka tashi ba tafki, ƙaton ƙarfe ya kwashe shi zuwa sama. Jarumai suka bi shi da wuta, duk suka dawo a ƙone. Sai Falmata, 'yar wani masunci makaho da yunwa ta kwantar, ta hau kwalekwalen ubanta ta tuƙa cikin taurari. Ta tarar da ƙaton ya durƙusa yana leƙen ruwan. Ashe shi kaɗai ne a can, fuskarsa da yake gani a ciki ita ce abokiyar hirarsa. Falmata ta gaishe shi, ta tambayi sunansa. Ya ce ba a taɓa raɗa masa ba.

Nan ƙwan zaure ya haska, Ishaku ya zabura. "An kawo wuta!"

"Kai, zauna!" Muryar Malam Bitrus ce, ashe tun ɗazu yana tsaye a bakin ƙofa. "Mama, yi haƙuri, ci gaba. Wane suna ta sa masa?"

Ba wanda ya motsa. Iya ta juya gyaɗarta a hankali, ta ja mana rai son ranta, sannan ta ce Falmata sunan ubanta makaho ta ba shi. Ƙaton ya fashe da kuka, tafkin ya zubo tare da hawayen, aka yi damina. Muka yi ta tafi har Baba ya leƙo.

Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙara jin zancen mota daga bakinta. A Maiduguri ta ƙarasa kwanakinta, tabarmarta cike da yara.

Da na girma na iya Turanci, na nemo fim ɗin don in yi masa adalci. Wutar tana nan da kyanta, masu aikin sun yi ƙoƙari. Amma da aka fasa jirgin jarumin ko gezau ban yi ba, don ba a ba ni dalilin damuwa da shi ba. Ni da tsohuwa ta sa na yi wa ƙarfe hawaye, ba ta da komai a hannu sai ludayin juya gyaɗa.