Faifan da ya tsani inuwar mahaifiyata

Shekarun baya, Kebbi na sabuwar jiha, wani attajirin albasa ya kafa ƙaton faifan satalayit a ƙofar gidansa a Jega, ya fito da talabijin zaure kowa ya kalla. Mahaifiyata kan ɗauko nono daga rugarmu kusa da Birnin Malam, ta sauke ƙwarya a inuwar faifan nan saboda 'yan kallo suna saye. Ni nake raka ta, wai taimako, alhali kallon ne ya kawo ni.

Wata rana gab da azahar, tana sauke ƙwarya, hoton ya fara tsattsagewa. Fuskar mai labarai ta narke, allon ya koma fari fat, sai shuuu kamar ruwa a kan kwano. Babu hadari, babu iska. Na ɗaga kai, na ga inuwar ƙarfen da ke gaban faifan ta tsaya cak a tsakiyarsa kamar ƙwayar ido. Can hoton ya dawo da kansa.

Washegari haka, jibi haka, daidai isowarta. A zaure aka fara satar kallonta. Wani ya ce a hankali, "Wagga mata ba haka nan ta bar kanta ba." Ranar muka koma da nono ko ludayi ba a taɓa ba. A hanya ta ce, "Mi na yi musu?" Ni kaina, Allah ya yafe mini wauta, sai da na leƙa ƙwaryar.

Ta daina zuwa, abin kuma ya daina. Shi ke nan, magana ta zauna, har a Aliero aka ƙi nononta.

Bayan wata shida allon ya sake mutuwa, tana can ruga. Mai gyara daga Sakkwato ya ce sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bayan tauraron ɗan'adam a sararin samaniya, ƙarfinta ya danne saƙon da yake aikowa. Babu magani sai ta gota.

Attajirin ya aiko a ba mahaifiyata haƙuri, wai ta dawo. Tana damun fura, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "To, su kori ranar mana."

Har ta rasu ba ta sake bin titin nan ba. Ni kuwa har yau in talabijin ya yi shuuu, sai in waiga in ga wa ake kallo.