Fuskar Inna Ba Ta Shiga Waya Ba

Allah da ya ba mu aron Inna ya karɓi abinSa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, da hantsi. NaSa muke, kuma inda ta tafi can muka nufa. Ta cika a ɗakinta, a kan gadonta, bayan zazzaɓin da muka ɗauka na kwana biyu ne. Ita ta haifi Mama, mahaifiyata. Ni ne jikan da ke kiranta Amarya, ita kuma ta ce mini Angon Banza, wai tun da ta aure ni ban taɓa kawo cefane ba.

Waɗanda suka san ni za su karanta suna jiran inda zan saki zolaya. Yau babu. Ban yi boko ba, allo na yi, rubutun nan ma a waya na koye shi a rumfar da nake manna wa wayoyi gilashi. A yi haƙuri da inda ya karkace.

Inna, rabin yaran layinmu a hannunki suka faɗo duniya. Ke ce unguwarzomar da ba a kira sau biyu. Na tuna ranar da matar mai gadin makaranta ta haihu ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba su tanadi komai ba, kika yage sabon zanenki kika naɗe jaririn, kika dawo gida da mayafi kawai a kan tsohuwar riga. Da Mama ta yi magana kika ce zane ba ya jin sanyi.

Wayarki ƙarama ce mai madannai, an ɗaure bayanta da roba, kuma ba ki yarda akwai wadda ta fi ta ba. Tana kwana da yini ba caji, tana da tocila, ta faɗa bokiti ta fito ta ci gaba da aiki. Manyan wayoyinmu kuwa kin ce 'yan gata ne, sai an shafa an lallashe su kafin su amsa. Da na ce miki tawa tana sabunta kanta ne shi ya sa ta ƙi kunnuwa, kika ce, "Kullum kwalliya, ba aiki. Sake ta kawai." Masu toshe kunne da abin jin waƙa kin sa musu suna kurame masu rawa. Amma da Kawu ya aiko miki da sola, tagarki ta zama wurin cajin unguwa. Duk wayar da aka kawo sai ki kife ta, fuskarta ƙasa, kada saƙon wani ya shigo idon wani ya kai. Ko ni ba ki bari in taɓa. Kin ce wayar mutum cikinsa ce.

Na zolaye ki iya zolaya. Na mayar da ƙarar wayarki kukan akuya, ta kama ihu kina tsakiyar layin asibiti, kika dawo kika bi ni da mafici har bakin titi. Duk kin shanye, kin rama da baki. Wasa ɗaya ne bai ba ki dariya ba.

Bara wata manhaja ta fito wadda ake ba ta hoton mutum ta sa shi motsi. 'Ya'yan marigayi tela, maƙwabcinmu, suka saka hoton babansu. Na kawo miki in ga yadda za ki yi. Ga tela nan, wanda kika ga fitar gawarsa da idonki, yana ƙifta ido, yana juya wuya, yana murmushin da bai taɓa yi ba yana raye. Na jira ki yi salati ki jefe ni da takalmi. Sai kika ce an tashe shi ba a busa ƙaho ba. Sannan kika riƙe wuyan hannuna, riƙon da kike yi wa mai naƙuda, kika ce, "Ango, ranar da na mutu kada fuskata ta shiga waya. Ta kowa. Kai na bar wa." Mu biyu ne a ɗakin. Daga ranar kika daina karɓar kiran bidiyo a wayata, ko na Kawu ne, kika ce murya ta isa. Mutanen gida suka ce rigimar tsufa ce.

Kawu shi ne ɗanki namiji tilo. Tuƙi yake yi a wata ƙasa mai nisa, shekaru sun tura bai zo ba, takardunsa ba su ba shi damar fita ya koma ba. Ranar Talata, bayan an yi miki wanka an sa likkafani, mai wanka ta bar fuskarki a buɗe domin 'yan gida su yi sallama. Maza sun cika ƙofar gida, an jingine makara a soro, liman ya aiko a hanzarta. Ina tsaye a kanki wayata ta yi ƙara. Kawu ne, kiran bidiyo. Tawa ya kira saboda duk gidan ita ce mai kyamarar kirki.

Na ga idonsa ya kumbura. Bayansa kuma ga kawunan abokan aikinsa suna leƙe. Ya ce, "Juya mini in gan ta."

Na faɗa masa abin da kika ce. Mama ta dube ni, ta ce ita ba ta taɓa jin wannan magana ba. Kawu ya ce, "Yau ma wasan za ka yi? Uwata ce fa. Gani kawai zan yi, ba ɗauka ba."

Inna, na yarda ba zai ɗauka ba. Amma aikina ne, na san yatsa biyu sun isa a kama hoton allo, kuma ban san hannun waɗanda ke bayansa ba. Ko da ma shi kaɗai ne, kin ce ta kowa. Shin har da ɗan da kika haifa kike nufi? Ban tambaye ki ba lokacin da kike iya amsawa. Ga ki kwance gabana, tazarar hannu ɗaya, ba halin tambaya. Kuma wa zai shaide ni? Mutumin da ya sa wa kakarsa kukan akuya ne yake cewa an bar masa wasiyya.

Daga waje aka ƙwanƙwasa ƙyaure, aka ce rana tana yi. Mama ta miƙo hannu, ta ce, "Ba ni wayar. Ɗan'uwana ne." Tun da nake ban taɓa hana Mama abu ta miƙo hannu ba. Na mayar da wayar bayana. Na ce mata ta yafe mini, na rantse da Wanda ran Inna ke hannunSa. Ban san ko rantsuwar ce ta tsayar da ita ko fuskata ba, amma ta sauke hannu.

Na kashe kyamara, na buɗe murya, na durƙusa na ajiye wayar daidai kunnenki. Na ce, "Kawu, ga kunnenta." Sai ya ce, "Inna, ni ne." Ya nemi gafararki, ya yi miki addu'a har muryarsa ta ƙare. Mai wanka ta ja likkafani ta rufe, ta ɗaure. Ya ji motsin, ya tambaya ko an rufe. Na ce an rufe. Ya ce, "To. Kai da Allah." Ya kashe.

Har yau bai ƙara ɗaga kirana ba. Saƙonnina suna isa, ba ya buɗewa. A gida wasu sun ce na cika amana, wasu sun ce na yi wa maraya mugunta. Mama tana ba ni abinci, ba ta tayar da zancen. Da za a dawo da ranar, abin da na yi zan sake yi, amma ba na kwana da daɗinsa.

Kawu, na san wani zai tura maka wannan. Ban nuna maka ba, amma na gani, kuma na duba da kyau saboda kai. Ba ta rame ba. Goshinta ya saki, layin nan da ke tsakanin girarta idan tana faɗa ya ɓace. An taje furfurarta an mayar baya. Tabon da ke gefen haɓarta yana nan. Bakinta a rufe yake, gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, kamar ta shirya amsar da za ta ba wani ta fasa. Da kai ta fi kama ranar, fiye da Mama. Wannan ba wasa ba ne.

Allah ya jiƙan Inna, ya gafarta mata, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi. Yadda ta karɓi 'ya'yan mutane da hannu biyu, Allah ya sa mala'ikun rahama su karɓe ta haka. Yadda ta rufa asirin jama'a, ya rufa nata ranar da babu abin da zai ɓuya. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da jikoki, da matan unguwa da suka rasa mai amsa kira. Kawu, Allah ya ba ka haƙurin rashi biyu, nata da na ganinta, ya nuna maka fuskarta a Aljanna ido da ido. Idan a can ta ce ban fahimce ta ba, ka riƙe ni a gabanta. Amin.