'Ya'yan Tsamiya Tara

Ina da shekara shida na yi suna a unguwarmu a Danchadi da iya ƙirga. Baƙo na shigowa za a tsayar da ni in rattabo ɗaya zuwa ɗari ba numfashi, a yi ta tafi. Kaina ya kumbura. Har Baba ya ɗora mini karɓar awakinmu goma in makiyayi ya koro su da yamma. Cikinsu akwai wata ja, tawa ce, kakata Inna Ige ta ba ni.

Yadda nake ƙirgar kuwa, baki na gudu, ido na wani wuri. Awaki na turereniya a ƙofa, ni ina waƙata, da na kai goma sai in ja ƙyaure. Ran nan ɗan akuya ya kwana a waje, karnuka suka kashe shi. Baba bai doke ni ba, amma ya ce, "In kinka ƙara, jar akuyakki Kajiji za ta, wajen kawunki."

Lokacin sanyi ne. Bayan magariba muka taru a ɗakin Inna Ige jin tatsuniya kamar kullum, mu jikoki, muna miƙa tafin ƙafa ga wuta. Ni na koma can baya ina kumbure-kumbure.

"Ga ta nan tahe, wa ka tarbon ta?" in ji Inna.

"Mu ne, ta shigo!" in ji yara.

Wai zabuwa ce mai 'ya'ya goma da murya mai daɗi. Kullum da yamma takan hau kututture ta rera ɗaya zuwa goma, ta ce sun cika. Shaho kuwa yana ɗauke guda kowace rana, waƙar kuma ba ta fasa kaiwa goma ba. Maƙwabciyarta kaza ba ta iya waƙa ba. Ita sai ta bi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye wa kowanne ƙwayar gero a gabansa. Ranar da ƙwaya ta rasa mai ci, nan take ta bazama nema. Zabuwa dai ta wayi gari ita kaɗai a kan kututture, tana ta goma.

Yara suka fashe da dariya suna waiwayena.

"Inna, da ni kike!"

"Ni da zabuwa nike. Ko ke zabuwa ta?"

Da aka watse ta riƙe ni, ta zuba mini 'ya'yan tsamiya tara a hannu, adadin awakin da suka rage, ta haɗa da ɗan ƙoƙo. "Wadda duk tas shiga, ki taɓa bayanta, ki jeha guda. Bakinki shi jira hannunki."

Na ji haushi, don a ganina wannan aikin waɗanda ba su kai ɗari ba ne. Amma Inna ta mayar da abin wasa. In ana rabon ƙuli, ni ce mai sa wa kowa nasa. In ta tara albasa, sai ta ce in faɗi tulin da ya fi yawa, sannan mu jera su biyu-biyu mu ga wa ya canka. Sau da yawa ita ke faɗuwa, ta kama salati.

Bayan kamar sati biyu, awaki suka gama shigewa, ɗan tsamiya guda na hannuna. Na leƙa, ba jar akuyata. Na ƙi rufe ƙofa, na zaga gida ina kuka ina kiranta, har na same ta bayan rumbun Inna, igiya ta sarƙe da turke. Baba bai sake ambaton Kajiji ba.

Yau 'yan aji ɗaya nake koyarwa a Shagari. In yaro ya rero mini lissafi, nakan yaba masa, sannan in miƙa masa duwatsu. Na daɗe ina ɗauka dabarar kaza ce kaɗai na gada.

Bayan rasuwar Inna nake ba mahaifiyata labarin, ina cewa Allah ne ya taimake ni ran nan. Ta yi dariya har da hawaye.

"Akuya ka ɗaure kanta? Inna ta taɗ ɗaure ta. Tac ce in abin zai hwaru, gara shi hwaru inda za ki gane ta."

Shekara ashirin ina jin ni na ceci akuyata, ashe tsohuwar na zaune a bakin ƙofarta tana kallona. Ban samu na ce mata na gode ba. Allah ya ji ƙan Inna Ige.