Direban da Ba Ya Barin Tagar Aji Uku

Shekara goma sha tara Baba Direba yana faka motar makaranta a wuri ɗaya: ƙarƙashin tagar aji uku, inda ake darasin Turanci da ƙarfe goma. Babu inuwa a wurin. Rana na dukan rufin motar har kujeru su ƙi zaunuwa, ga bishiya can bakin ƙofa tana zaman banza. Maigadi ya rantse wata malama yake so. Malamar ta yi aure ta tafi, wasu huɗu suka zo suka wuce, mota ba ta gusa ba.

A aji huɗu na firamare mahaifin Baba Direba ya cire shi daga makaranta ya miƙa shi gareji. Ba wanda ya taɓa jin kalmar Turanci a bakinsa. Idan ya sauke yara sai ya ɗauko bokiti da tsumma, ya yi ta goge gefen da ke kallon taga, har fentin gefen ya fi na ɗayan koɗewa.

Bana aka kawo sabuwar malama, yarinya ce da ta gama karatu kwanan nan, a kan gwaji. Shugaban makaranta bai ɓoye mata ba: ranar Laraba zai zauna a ajinta, idan bai gamsu ba, zai sallame ta, ya haɗa yaran da na ajin bene. Darasin kuwa mai ba kowa wuya ne, yadda Turanci ke raba aikin da aka kammala ana ganin sakamakonsa da aikin da aka jima ana yi har gumi bai bushe ba. Ranar Litinin ta zana layuka a allo, yara suka yi zuru. Ranar Talata ta ƙara layuka, biyu suka yi barci.

Da aka tashi, Baba Direba ya same ta a kan dakali ta yi tagumi.

"Malama, yau ma layin dogo kika shimfiɗa musu?"

"Baba, don Allah ka bar ni da abin da ke damuna."

"Ai shi na zo ɗauka."

Ya je mota ya ɗaga kujerarsa ta tuƙi, ya fito da littattafan rubutu ɗaure da roba, sun kai ashirin. Ta buɗe ɗaya, ta shiga juya shafuka. Duk darasin da aka taɓa yi a ajin nan yana ciki, da kwanan wata, da misalan kowace malama, har inda yara suka yi dariya da inda suka yi shiru. A gefen shafi ya rubuta da Hausa: wannan sun gane, wannan ba su gane ba.

"Darasin nan sau goma sha tara na ji shi," ya ce. "Sau biyu kawai suka gane, kuma duk ranar da aka nuna musu abu da ido ne. Gobe ki buɗe taga, ki bar min sauran."

Laraba shugaba ya zauna a bayan aji da biro a hannu. Malama ta ce yara su leƙa waje. Ga Baba Direba, riga sharkaf, kumfa har gwiwar hannu, rabin mota duk laka. Ta tambaye su da Turanci me ya jiƙa shi haka, ta ba su yadda ake faɗin cewa tun ɗazu yake ta wankin mota, suka maimaita suna ƙyalƙyala dariya. Bayan minti goma suka sake leƙawa. Mota na ƙyalli, bokiti a kife, Baba ya harɗe hannu kamar mai jiran hoto. Ta tambaye su yanzu kuma me za a ce ya yi, kafin ta rufe baki hannuwa talatin sun tashi sama. Shugaba ya ajiye biro ya taho tagar da kansa, ya daɗe a tsaye.

Ba a sallame ta ba. Da yamma ta tare shi kafin ya tada mota.

"Baba, ban san da me zan saka maka ba."

"Ki riƙa ɗaga murya. Taki kamar ta sauro, wuya nake sha."

"To ka shigo ciki mana, akwai kujera."

"In zauna da sa'annin jikokina, su ji ina tuntuɓe? A'a, 'yata." Ya gyara madubi. "Kuma kada ki ɗauka don ke na yi. Da sun kai ajin nan bene, ta ina mota za ta hau?"

Ta yi dariya, sai ta ga shi ba dariya yake ba. Ta kasa gane wanne ne gaskiya, tausayin da ya ɓoye ko son kan da ya furta. Wataƙila shi ma bai taɓa raba su ba.

Washegari, goma saura biyar, ta ji ƙarar bokiti a ƙasan taga. Ta tura tagar har ƙarshe, ta juya allon kaɗan ya fuskanci waje, sannan ta ɗaga murya.