Ƙofar da Ba a Buɗewa Sai an Ci Mu

Mun tashi da asuba ni da kawuna, shi rataye da kalangunsa, ni riƙe da ledar maganinsa na hawan jini. Aike ne ya kai mu Abuja. Kulob ɗin ƙwallon garinmu, wanda kawu yake yi wa kiɗa tun ina goye, wani attajiri ya saye shi ya kwashe shi kacokan zuwa can. Magoya baya suka rabu biyu, wasu na cewa a ci gaba da bin sa, wasu na cewa a naɗe tuta a nemi wani. Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, aka ce kawu ya je ya gani da idonsa, abin da ya yanke shi ke nan.

Hanya har Keffi lafiya lau, in ka cire direbanmu da ya ɗauki birki kayan ado. A Mararaba cunkoso ya tsayar da mu cak, muka sauka muka karya da doya da ƙwai a wajen wani mai shayi. Da mai shayin ya faɗi kuɗinsa, kawu ya tambaye shi ko har da bencin muka saya.

A nan ya faɗa mini ma'auninsa. Jama'a kan auna kulob da halin mai shi, da kuɗin ƙofa, da ƙafar yara a fili. Shi kuwa duk ya haɗa su a abu ɗaya. A gida, tsohon mai kulob yakan sa a buɗe ƙofa kyauta da zarar an tafi hutun rabin lokaci, marasa hali su shiga. Saboda haka ba za mu yanki tikiti ba, a waje za mu tsaya mu ga ko sabon zai buɗe. Raina ya ɓaci, amma wa ya isa ya ja da kawu?

Tasi mai launin kore da fari ta kai mu filin, kusa da Durumi. Gaskiya Abuja ta burge ni, tituna shimfiɗe, filin ma fes da ciyawa. A bakin ƙofa muka tarar da irinmu da yawa: leburorin gini, 'yan acaba, masu tura baro. Kowa alƙali ne. Wani ya yaba wa mai kulob, wai ba ya riƙe haƙƙin 'yan wasa, kuma cikin rana yake zama tare da jama'a. Wani ya ce tikitin dai ya fi ƙarfin aljihunsa. Wani kuma ya ce 'yan gaba wuta ne, amma 'yan baya rariya ce.

Aka busa hutun rabin lokaci babu ci. Kawu ya gyara hula ya matsa gaba. Aka dawo, aka ci gaba da wasa, ƙofa ko motsi ba ta yi ba. Sai ya sauke kalangun ya fara cusa shi cikin buhu. Ban taɓa jin tausayinsa kamar lokacin ba.

Wata mata 'yar Gbagyi da ke gasa masara a gefenmu ta dube shi ta ce, "Baba, kai baƙo ne? Nan oga ba ya buɗe get don haftayim. Sai an ci mu. Ya ce in yaransa ya faɗi, lokacin ne yana neman bakin mutane."

Kawu ya ce, "To 'yata, in ba a ci mu ba fa?"

Ta ce, "Ai mun ci ke nan. Muna jin ihu daga nan, masara na kuma ya ƙare."

Sai a lokacin na gane abin da mutanen wajen suke kasa kunne a kai: shiru suke jira. Na tsokani kawu ko za mu ɗan yi addu'a a zura mana guda. Ya harare ni ya ce, "A'uzu billahi!" Amma na lura bai ƙarasa ɗaure bakin buhun ba.

Can sai filin ya yi tsit. An ci mu. Ƙofa ta yi ƙara, wani mutum mai tumbi sanye da rigar kulob ya tura ta da kafaɗarsa yana kiran jama'a da hula. Ashe shi ne attajirin. Kawu da ke kukan gwiwa tun Keffi ya wuce ni a guje, na bi shi da ledar magani. Ya ɗora kiɗan garinmu, sai ga Tibi da Ibo da Gbagyi suna amsa waƙar da karyayyiyar Hausa. Yaran suka farfaɗo kamar an yayyafa wa alayyafo ruwa, har ƙwallo ta daki turke.

Ba mu rama ba. Haka aka tashi da ci ɗaya. Amma da aka busa tashi, 'yan wasan ba su nufi wajen masu kujera ba, gabanmu suka zo suka tafa mana.

Washegari muka dawo gida muka tarar da majalisa cike, tuta a ninke a kan tabarma. Ni abin da na koyo shi ne, kada ka yanke wa baƙon wuri hukunci da agogon garinku. Aka tambayi kawu ina aka kwana. Ya ce tikiti da tsada, 'yan baya kuma sai addu'a. Sannan ya ɗauki tutar ya warware ta, ya ce, "Shekara da shekaru ana buɗe mini ƙofa don ana tausayina. Jiya aka buɗe mini don ana buƙatata. Ku nemo mota."