Madam Ya Tafi Gida

Shekarun baya kaɗan, yayata Adda ta ja ni cikin sana'arta ta hayar kujeru da kanofi, kuma ina so ku sani tun yanzu, ni ban nema ba. Ina zaman zamana a bakin titi a Sabon Layi, ina tsokanar masu keke napep, ina cin gyaɗar mutane, ba wanda na tsare wa komai. Kawai mahaifiyata ta ce tunda na ajiye boko a tsakiyar hanya, in tashi in je in taya Adda. Na ce bayana yana ciwo, ba zan iya ɗaukar kaya ba. Ta ce, "Bakinka fa, shi ma yana ciwo?" Washegari na tsinci kaina a shago ina goge kujerun roba da tsumma.

Shagon ɗan ƙarami ne, kujeru jibge har sama, ƙarafan kanofi a gefe. Ita kujera ba ta zaɓen taro. Yau tana gidan biki, gobe suna, jibi taron coci, wata rana zaman makoki. Ni kuma na shigo a mummunan lokaci. Damina ta sauka, biki ya yi ƙasa, ga wani ya buɗe irin shagonmu gaba kaɗan da sababbin fararen kujeru, har riga yake sa musu kamar amare. Namu kuwa wasu da waya aka ɗaure ƙafarsu.

Amma Adda ko a jikinta. Kowa ya ce mata ya kasuwa, sai ta ce sai godiya, tana murmushi, ko da tun safe ko kare bai leƙo ba. Ni in an tambaye ni cewa nake kasuwa tana asibiti, an sa mata ruwa. Ran nan ta ji ni, ta bari mutumin ya wuce ta ce, "Kai, duk wanda ya zo neman kujera taro ne a kansa, kansa ya riga ya yi zafi. Kar ya zo ya tarar da fuskarka kamar wanda aka sace wa waya. Ka saki ranka."

To ni dama abin da na iya kenan. Na saki rai, na saki baki. Ango ya zo in ce masa ya ƙara kujeru, dangin amarya ba su da ta ido, har maƙwabtan maƙwabtansu za su kwaso. Mai suna ya zo in ce wannan karon ma namiji ne, ko ƙungiyar ƙwallo kake haɗawa? Mutane suna dariya, wasu har su zauna hira. Kwastoma suka ɗan fara dawowa. Adda da kanta ta ce ashe bakin nan yana da rana. Kaina ya kumbura, na fara jin ni ne shagon.

A cikin kwastomominmu akwai wani dattijo, ɗan ƙabilar Kamwe ne daga wajen Michika, manomi, kuma babba a cocinsu. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya fara kawo wa Adda mutanen coci tun tana da 'yan kujerun da ba su cika keke ɗaya ba, kuma in ya ce a je wurin wance, can ake zuwa. Hausarsa irin ta da yawa daga mutanenmu na nan ce, mace shi, namiji shi, ba ruwansa. Kullum tare yake zuwa da matarsa, Madam yake ce mata. Shi ya ce kanofi ɗaya ya isa, ita ta ce bai isa ba, a ƙarshe nata ake yi. Ni kuma in ce, "Baba, gaskiya kai mataimaki ne a gidan nan." Ta yi ta dariya tana dukan kafaɗarsa.

Wata safiya Adda ta kai yaronta asibiti, ni kaɗai a shago. Sai ga keke ya tsaya, Baba ya sauko shi kaɗai. Ban ma tsaya na kalle shi da kyau ba, kaina yana can yana neman inda zan soka wasa.

Na ce, "A'a, Baba, yau an sake ka kai kaɗai? Ina Madam?"

Ya ce, "Madam ya tafi gida."

Ku da kuka tashi yadda na tashi kun san abin da wannan yake nufi. A unguwarmu in aka ce matar wane ta tafi gida, yaji ta yi, ta kwashi kayanta ta koma wurin iyayenta. Ni dai abin da kunnena ya ji kenan. Na tafa hannu.

"Baba, me ka yi mata? Da furfura ake yaji?"

Can ya ce, "Ina son kujera. Da kanofi. Mutane zai zo da yawa."

Nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. Na ce, "Kai Baba, ba ka da dama. Ta tafi jiya, yau har fati za ka haɗa? Ka bi a hankali, labari zai kai mata. Ka bar ta ta huce, ka sayi atamfa mai kyau ka je biko. Da ƙafarta za ta dawo. In kana tsoro ni zan raka ka."

Mai keken yana ta tari yana min alama da hannu. Ni a zatona dariya ce ta shaƙe shi, har na ƙara murya. Baba dai ya ce, "To. A kawo kafin rana ya yi zafi." Ya koma ya zauna a bayan keke.

Mai keken ya sauko kamar zai duba taya, ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Kai wane irin mahaukaci ne? Matarsa ta rasu. Daga mutuware muke, can muka kai gawar. Su in sun ce mutum ya tafi gida, wurin Ubangiji suke nufi."

Suka tafi suka bar ni tsaye da tsumma a hannu. Na zauna, na tashi, na shiga bayan kujeru na tsuguna kamar wani zai zo ya kama ni. Duk maganar da na yi ta riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya, da muryata, da tafin da na yi. Fati. Atamfa. Wai ni zan raka shi.

Kafin Adda ta dawo labari ya riga ya iske ta, don mai keken ya baza shi a mahaɗa, kuma masu keke ba sa riƙe magana. Ta shigo ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta kira mai a-kori-kura, ta ce in loda kujerun da suka fi kyau da kanofi duka.

Na ce, "Adda, ki yi min rai ki aiki wani."

Ta ce, "Kai za ka kai, kai za ka jera, kai za ka yi gaisuwa. Rabin abincin da muke ci a gida ta hannun mutumin nan yake zuwa. In mun rasa shi yau, gara mu rasa shi muna tsaye a ƙofarsa."

Gidan yana can wajen Mayo Bani. Mun tarar mata sun cika tsakar gida suna waƙoƙin coci a hankali, wasu da Hausa wasu da yarensu. Na fara jera kujeru kaina a ƙasa, ina roƙon Allah kada kowa ya gane ni. Ban yi nisa ba wata mata ta tsaya a gabana, babbar 'yarsa ce, idonta ya kumbura.

Ta ce, "Kai ne mai raka mutane biko?"

Na kasa ɗago kai. Ta juya wurin Adda ta ce mu kwashe kayanmu, akwai masu kujera a garin nan da suka san mutunci. Adda, matar da ban taɓa ganin ta rusuna wa kowa a kasuwa ba, ta durƙusa a gaban mutane. Ba ta ce yaro ne ba, ba ta ce bai sani ba. Cewa ta yi, "Mun yi laifi. Ki yi haƙuri. Allah ya ba ku dangana." Wallahi wannan durƙuson ya fi min duka ciwo.

Sai Baba ya aiko a kira ni. Yana zaune a kan benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro tare da wasu dattawa. A hanya na haɗa jawabi mai tsawo, ina isa gabansa ya gudu. Na tsuguna na ce, "Baba, sannu da haƙuri." Shi kenan jawabin.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ba ƙarya ka yi ba. Madam ya iya yaji. Lokacin muna yara, ƙaramin magana ya ɗauki kaya ya hau dutse wurin babansa. Ni zan bi da ƙafa, da zani a hannu, in yi ta roƙo." Ya ƙara da cewa, "Da ka faɗa ɗazu, na zauna a keke na ce, da ma irin wancan ne. Wannan kam ba biko."

Sai kuka ya ƙwace min, ni da na zo ba da haƙuri, ni aka koma ana cewa in yi shiru. Ya kira 'yarsa ya ce a bar kujeru inda suke, Madam ba zai yarda a zauna a kan na wani ba.

Ba zan ce muku komai ya koma daidai ba. 'Yar ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, kuma bikin da suka yi daga baya a ɓangarenta, kujeru masu riga suka ɗauka. Masu keke kuwa sun kusa shekara suna kirana Mai Biko. Amma Baba bai daina zuwa ba, mutanensa ma ba su daina ba, shagon yana nan har yau, Adda tana nan tana cewa sai godiya.

Wasa ban bari ba, ƙarya ne in ce na bari, da shi nake cin abinci. Abin da ya canza, yanzu in mutum ya sauko sai na kalli fuskarsa tukuna, in ce lafiya dai, taron me za a yi. A da na ɗauka fara'a ita ce ka sa mutum dariya ko ta halin ƙaƙa. A gidan Baba na ga ta Adda, ranta a ɓace, kasuwarta tana lilo, amma ta iya tausasa murya. Har yanzu in na ji wani ya ce ya tafi gida, ko makaranta aka tashi, sai kunnena ya yi zafi.

Kada ku ɗauka a ranar na yi wannan hankalin. A hanyar dawowa, muna bayan a-kori-kura ni da ita, kunya ta fara sakina, bakin ya dawo. Na ce ai in gaskiya za a bi ita ta jawo, ita ta ce in saki rai. Ba ta kula ni ba. Na ce kuma shi ma Baban, ina laifin ya ce ta rasu kamar kowa? Mace ya ce shi, mutuwa ya ce gida, wa zai gane wannan Hausar?

Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa.

"Na ji, Hausarsa ce ta ruɗa ka. Mai keke ya ce Baba yana maka magana yana share ido. Hawayen fa, su ma da yaren Kamwe suka zubo?"