Ranar da na jera rezo bisa girma

Akwai aikin da ko na tsufa ba zan manta da shi ba, wanda na yi a wani biro, wato ofishin fitar da kaya daga duwan, kwastan ke nan, a Malanbil, tun gadar kan iyaka tana buɗe. Biron na wasu 'yan'uwa uku ne, layin intanet ɗinsu guda, kuma siriri. Suka kira ni in gyara akwatin da ke raba musu rezon intanet, wato suwic.

Aikin ba wuya. Kowace na'ura tana da lambar da aka ƙera ta da ita, lambar MAC. Kana gaya wa suwic lambar da za ta fara wucewa idan hanya ta cushe, shi ke nan. Na ce a sa kwamfutar da ke tura takardun duwan a gaba. Matsalar ita ce ƙaraminsu ke zama a kanta.

Alhaji, babbansu, ya dube ni kamar na zage shi. "Ɗana, a gidanku ƙane ka fara sa hannu cikin ƙwarya? Haka munka tashi, babba shina gaba."

Na yi bayani har miyau ya ƙafe, na tsakiyar yana gyaɗa wa wansa kai, ƙaramin kuwa ya sunkuyar da nasa. Na gaji. Na sa kwamfutar Alhaji farko, ta mai bi masa biyu, ta duwan can ƙarshe.

Ranar kasuwa aka kira ni da gaggawa. Wani manomi daga Garu ya cika mota da albasar shekararsa, tana tsaye bakin gada cikin rana, takardarta ta ƙi tafiya tun hantsi. Da na iso daga wani aikin a Madekali, na tarar da Alhaji da baƙinsa a ɗaki suna kallon kokawa a kwamfuta, hoto tas, ko tsayawa ba ya yi. Na juya jerin, takardar ta tafi, amma duwan sun riga sun tashi, gobe kuma ba aiki.

Albasa ba ta san haƙuri ba. Da motar ta samu hanya, ruwa ne ke ɗiga daga buhunan ƙasa. Na ga manomin tsugune yana ware mai kyau daga ruɓaɓɓiya. Bai zagi kowa ba, ya ce kawai, "Da rijiya na shayar da ita, guga-guga." Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Alhaji ya yarda a bar kwamfutar duwan a gaba, da sharaɗin a ɗauko ta a ajiye kan teburinsa, ƙanensa ya riƙa aiki a gefensa. Na ja waya zuwa teburin.

Abin da na koya shi ne, girma a ba shi wurin gaisuwa da cin tuwo. Inda ake jiran hanya kuwa, wanda kayansa ke ruɓewa shi ne babba.